A sare tsohuwar tsamiya a shuka mai zaƙi?

Nasiru Kware:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. A gonar da mahaifinmu ya bar mana akwai tsamiya uku manya, waɗanda ko kakanmu a tsaye ya tarar da su. Masu gawayi sun zo sun yi tayi mai tsoka, su sare su kwashe har kututture. Ana cikin haka ƙanena ya zo mana da wata tsamiya cikin kwali daga Abuja, an rubuta daga Tailan take. Wallahi zaƙinta kamar dabino, ko fuska ba ka yamutsawa. Na adana ƙwallayen duka. Abin da nake tunani shi ne in karɓi kuɗin masu gawayi, in yi shinge da shi, in shuka ƙwallayen nan su maye gurbin tsofaffin. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Sanusi Illela:
Wa alaikumus salam. Nasiru, ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Dami nawa kake samu a ƙarƙashin bishiyoyin nan? Ko ciyawar kirki ba ta fitowa. Wuri ne ka ba inuwa kyauta shekara da shekaru. Tsamiya mai tsami kuwa ba abin nema ba ce, buhu-buhu ake shigo da ita daga ƙauyuka, ba ta yin daraja sai azumi ya matso. Mai zaƙin nan fa sai manyan kantuna, kuma ɗan kwali guda ya fi kwanon tamu kuɗi. Ka sayar ka shuka sabuwa. Wanda ya riga shiga shi ke cin kasuwa.

Baba Alu mai lambu:
Subhanallahi. Ɗana Nasiru, kak ka bari gatari shi taɓa iccen nan. Ka ji ni da kyau. Ƙwallon da kab ɓoye, in ka shuka shi za shi tsira, wanga babu shakka. Amma babu mai ba ka tabbacin mai zaƙi za ta hito. Sai ka yi shekara takwas, goma, kana ban ruwa kana korar awaki, ranar da tay yi ɗiya ka ɗanɗana ka ji tsami. Sannan tsohhin sun daɗe da zama toka. Ba haka aka yi ba. Aure aka yi ma icce, a ɗaura reshen wani bisa wani, yadda muka yi ma mangwaro da lemu. Reshen mai zaƙin aka nema, ba ƙwallo nai ba.

Nasiru Kware:
Baba Alu, Allah ya ƙara girma. To amma ƙwallon daga cikinta ya fito, me zai hana ya gado ta?

Malama Hadiza:
Baba Alu ya faɗi gaskiya, bari in ƙara bayanin dalili. Furen tsamiya ƙarami ne, ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ja, kuma ƙudan zuma ne ke ɗaukar garinsa daga wannan bishiya zuwa waccan. Tsamiya ba ta cika ɗaukar 'ya'ya da garin furen kanta ba, ta fi son na wata. Ke nan kowane ƙwallo yana da uwa da ka sani da uban da ba ka sani ba. Wani zai fito da ɗan zaƙi, wani tsami zalla, wani ƙwallo ya fi tsoka yawa. Shi ya sa ko a Tailan ɗin, a lardin Phetchabun inda aka fi noma mai zaƙi, ba ƙwallo suke dogara da shi ba. Ire-irensu masu suna, irin su Si Thong da Si Chomphu da Muen Chong, duk ta hanyar aure ake yaɗa su, don reshen da aka yanko daga bishiya shi ne bishiyar kanta, ba ɗanta ba.

Ga kuma lokaci. Wadda aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, a ƙasa irin tamu mai ƙarancin ruwa ma takan wuce haka. 'Yar aure kuwa shekara 3 zuwa 4. Bishiyar da ke gonarku ta riga ta wuce duk wannan jiran. Saiwarta ta nutse ƙasa ta kai ga laima, ba ta neman ban ruwa, ba ta tsoron akuya, kuma tsamiya na iya wuce shekara 200 tana ba da 'ya'ya. A nan ƙasar Sakkwato da ruwan saman shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kafin ka sake tsayar da irinta sai jikokinka. Wannan shi ne abin da masu gawayi ke tayawa, kuma sun san abin da suke saye: iccen tsamiya mai nauyi ne, gawayinsa na daɗewa yana ci.

Sanusi Illela:
Malama, duk na ji. Amma ba ki taɓo maganar gero ba. Na ji ana cewa tsamiya dangin wake ce, to ina takin da take ba ƙasa? Ni dai ƙasa fayau nake gani a gindinta.

Malama Hadiza:
Alhaji Sanusi, nan kam kana da gaskiya. Dangin wake ce, dubi kwansonta ka gani, amma ba ta gyara ƙasa yadda wake da gyaɗa ke yi. Kada a haɗa ta da gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, rana ta sauka kan gero, takin ganyen kuma ya ciyar da shi. Tsamiya da damina take cika da ganye, inuwarta ta rufe ƙasa, ganyen da ke zuba ma yana da tsami. Gero ba zai yi kyau a gindinta ba. Sai dai a auna: ɗan da'irar da ta rufe, dami nawa zai bayar, ita kuma buhu nawa take bayarwa ba taki ba noma ba huɗa? Babbar bishiya mai lafiya a wuri mai kyau tana iya ba da kilo 150 ko fiye a shekara. Namu na gonakin tudu ba su cika kai haka ba, amma Nasiru ya fi mu sanin abin da suke kaɗowa. Kuma ana iya rage rassan ƙasa rana ta samu hanya, ba sai an kayar da ita ba.

Hajiya Inno:
Ku dakata in sa baki, don ni ka sayen tsamiyag ga, ni ka dama ta kullum. Sanusi, ɗan'uwana, mi za ni yi da tsamiya mai zaƙi? Abin tsotso ta, ta yara da masu kuɗi. Kunu tsami shi ka so. In ba tsami ba, mi ar raba kunun tsamiya da ruwan gari? Da la'asar nika jiƙa ta ga ruwa masu ɗumi, in ta yi laushi in murje da hannu hat tsokar ta rabu da ƙwallo da zare, in tace. Geron an surhe an wanke an niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono. Ruwan tsamiyan nan su ka tahwasa, in sheƙa bisa ƙullun ina damawa, sai ki ga ya yi kauri yana sheƙi, ƙamshi ya cika gida. In mai gaya aka so, in ɗebi ƙullu mai tauri in murmusa cikin tukunya tun ruwan na wuta. Watan azumi wane gida na Sakkwato ba a yin wanga? Ga kunun gyaɗa, in ba a ɗiga mai ruwan tsamiya ba sai shi yi salam. Ga tuwon dawa, mutanenmu na ƙauye na sa mai don shi kwana bai lalace ba.

Kuma da kac ce ba ta da daraja, ba duka ba. Mu mun san bambanci. Akwai mai kauri, in kin ɓare ki ga tsoka ta cika, ƙwallo kaɗan. Akwai ƙanjamamma, ɓawo da ƙwallo kawai. Sabuwa ja-ja take, ita ka barin kunu da haske. In ta kwana biyu sai ta yi baƙi, kunun shi yi duhu, masu saye su ƙi. Mai kaurin nan ko da tsada ni kan saye, kuma ba kullum nika samu ba.

Shafa'atu:
Inna Hajiya, don Allah yaya ake ajiye ta? Ta bara da muka saya a buhu, kafin azumi duk ta yi tsutsa da gari.

Hajiya Inno:
Ɗiyata, da ɓawonta kunka aje ko? Shi na. Ƙwaron tun daga bisa icce shika shiga, ƙwallon shika ci. A ɓare, a shanya ta sha rana sosai, in da hali a hidda ƙwallon, a cura a sa ga roba mai murhi ko tulu, a toshe. Kak ki aje inda laima take. Kuma kak ki jingina buhunta ga buhun gyaɗa, ƙwaron nan gyaɗa ma shina ci.

Shafa'atu:
Na gode Inna. Malama Hadiza, ni kuma a makaranta an ce mana sunanta Tamarindus indica, wato daga Indiya aka kawo ta. In baƙuwa ce tun asali, ai kawo ta Tailan ba wani sabon abu ba ne.

Malama Hadiza:
Shafa'atu, sunan ne ya ruɗi mutane. Larabawa ta hannun Indiyawa suka san ta a fatauci, Turawa suka karɓa daga Larabawa, masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta sunan a 1753 a kan haka. Amma inda take fitowa da kanta a daji ba wanda ya shuka shi ne nan Afirka, daga Senegal har Sudan da Habasha, zuwa Madagaska. Ki lura in kin shiga daji, sau da yawa a kan suri za ki gan ta, ko manne da kuka. Tamu ce. Indiya ta karɓe ta tun da daɗewa, ta riƙe ta da kyau, yau ita ce ta fi kowace ƙasa samar da ita. Har ƙwallon ba sa zubarwa, niƙa shi suke yi ya zama garin da masaƙu ke ƙarfafa zare da shi.

Abin da nake so a kula da shi, kuma shi ya fi damuna a duk maganar nan, shi ne yadda Indiyawa suka samu ire-irensu. Ba daga wata ƙasa suka sayo ba. Zagayawa suka yi ƙauyuka suna duba bishiya ɗaya-ɗaya, wadda ta fi 'ya'ya da tsoka su yanko reshenta su yaɗa. Irin da ake kira PKM-1 da jami'ar aikin gona ta jihar Tamil Nadu ta fitar a 1992 daga bishiyar wani ƙauye kusa da Periyakulam aka zaɓo ta. Urigam mai dogon kwanso sunan ƙauyen da aka same ta take ɗauke da shi. Akwai Pratisthan a Maharashtra, akwai ma mai jar tsoka. Kuma yawancin waɗannan masu tsami ne, don kasuwar girki tsami take saye. Mu fa? Mai kaurin da Hajiya ke nema tana nan tsaye a gonar wani a Gwadabawa ko Yabo ko Wurno, ba mai suna, ba wanda ya taɓa yankar reshenta. Ranar da masu gawayi suka kai gare ta, irin ya tafi ke nan. Ana cewa tsamiyar Afirka gajeren kwanso gare ta, ƙwallo 1 zuwa 6, ta Asiya kuma 6 zuwa 12. To ai su sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓe, mu tsinta kawai muke yi.

Issoufou Ƙonni:
Salamu alaikum 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Mu nan Nijar mun sha wannan darasin da zafinsa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki sun zama fili, iska na binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi bine sau biyu sau uku. Abin da ya dawo da itace a jihar Maraɗi da Damagaram ba dashen gwamnati ba ne, sassaben zamani ne: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya rene su. Saiwar da ke ƙasa ita ce dukiyar. Ku kuna da bishiya sukutum a tsaye.

Game da mai zaƙi kuma, cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadoré kusa da Yamai ita ta yaɗa magaryar aure mai manyan 'ya'ya wadda ake aura wa magaryarmu ta daji, kuma sun gwada tsamiya mai zaƙi ta wannan hanyar. Don haka abu ne mai yiwuwa a ƙasa irin tamu. Sai dai reshe za a nema daga wurin da aka tabbatar, kuma mai ƙetara iyaka da tsiro ya bi ta hannun ma'aikatan duba tsirrai, don kar ya shigo wa mutane da cuta.

Sanusi Illela:
Kowa na magana kamar Nasiru ba shi da buƙata. Mutum bai kai ga tunanin sayar da iccen kakansa don nishaɗi ba. Taki ya yi tsada, ga iyali. Ba a cin inuwa. Kuma gawayin nan da ake zagi, a gidajenmu ake hura shi tunda gas ya fi ƙarfin talaka. In ba a sare tasa ba za a sare ta wani.

Malam Buhari:
Alhaji Sanusi, buƙata gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma akwai abin da ba a ambata ba. Nasiru ya ce gonar da mahaifinsu ya bar musu. In ba a raba gadon ba, bishiyoyin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Kowane magaji, mace da namiji, har yaron da bai balaga ba, yana da haƙƙi a cikinsu. Bai halatta ya sayar ba sai da yardarsu, na maraya kuwa sai in maslaharsa ce. Wannan a fara warware shi kafin maganar gatari.

Na biyu, hadisi ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Wanda ya rene tsamiyar nan yana kabari, ladarsa na gudana duk ranar da aka dama kunu da ita. A yi tunani kafin a yanke masa.

Na san kuma wani zai kawo maganar aljanu, don tun muna yara ake hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana ko bayan magariba. Aljanu gaskiya ne, amma ba tsoronsu ne hujjar barin itace ba, kuma ba a yi wa bishiya yanka ko a kai mata wani abu. Da tsoro ne ke kare su. Yanzu tsoron ya kau, sai ilimi ya karɓi aikin.

Bello mai ɗinkin hannu:
Allah ya gafarta Malam. Ni ta fannin sana'ata zan yi magana. Yaran yanzu na jin an ce rigar tsamiya suna zaton launi ne kawai. Zare ne. Akwai tsutsar wani irin faɗa-wuta da ke cin ganyen tsamiya da na doka, su taru da yawa su saƙa gida ɗaya. Gidan nan ake ɗebowa a dafa da ruwan toka har danƙon ya fita, a wanke, mata su kaɗa shi da mazari. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai haske, ba ya son rini, kuma ba ya tsinkewa da wuri. Da shi ake yi wa manyan riguna aska da sauran aiki, Yarbawa kuma su saƙa shi su kira shi sanyan. Maigidana da ya koya mini ɗinki da shi ya tashi. Ni yau in na ce zan nemo na ainihi sai na sha wuya, zaren kanti muke ja.

Garba direba:
Tunda masana sun taru, ni ma ga tawa. Gaskiya ne tsamiya na karya magani? Tsohuwata ba ta yarda a sha kunun tsamiya in ana shan maganin asibiti. Kuma a tasha in yaro ya sha ƙwaya ya bugu, ruwan tsamiya ake ɗura masa.

Aminu mai kemis:
Malam Garba, tsohuwa ba ta yi kuskure duka ba, amma abin ya fi haka rassa. An yi bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka buga a 1996: an ba mutane asfirin tare da kunun gero mai tsamiya, sai aka ga maganin ya shiga jini fiye da yadda ya saba. A 2003 aka sake gwadawa da ibuprofen, aka ga haka nan. Wato waɗannan ba karya su take ba, ƙara musu ƙarfi take, kuma magunguna ne da dama can suna cin ciki. Mai gyambon ciki ya kiyaye. A Sudan kuma, a 1994, an gwada ta da kulorokwin, maganin zazzaɓin da ake sha a da, sai ta rage yawan da ke shiga jini, ita da zoɓo da lemun tsami. Ka ga wani ta ɗaga, wani ta sauke. Shawarata mai sauƙi ce: a haɗiyi magani da ruwa zalla, a ba da tazara kafin a sha kunu.

Maganar wanda ya sha ƙwaya kuwa, don Allah a daina. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa na iya sa ya shaƙe ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti. Abin da aka tabbatar tsamiya na yi shi ne sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida. Masu ciwon sukari kuma su sani, ko mai tsamin tana ɗauke da sukari mai yawa, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na tsokarta. Tsamin ne ke rufe shi. Asid ɗin tatarik da ke cikinta, wato sinadarin da ke ba ta tsami, ba ya raguwa in ta nuna yadda na mangwaro ke yi, sukarin ne ke ƙaruwa a kansa. Ta Tailan ɗin asid ɗinta ne kaɗan, shi ya sa zaƙin ya fito fili.

Hajiya Inno:
Aminu ɗana, ni ko na lura in tsamiya ta kwana ga tukunyar dalma sai cikin tukunyar shi yi hwari tas. Lahiya dai?

Aminu mai kemis:
Inna, tsamin ne ya ci ƙarfen, abin da ya kankaro kuma yana cikin ruwan. Da ita ake goge tagulla ta yi ƙyalli. Tukwanen da ake narka tarkacen ƙarfe a zuba su ne abin tsoro, don ba a san me aka haɗa ba. A riƙa jiƙa ta a ƙwarya ko tukunyar ƙasa ko roba mai kyau.

Nasiru Kware:
Malam Buhari, gaskiya ba a raba ba, kuma ƙannena mata biyu ban ko tuntuɓe su ba. Zan zauna da su. Baba Alu, auren nan nake so ka koya mini dalla-dalla. Ɗaya daga cikin ukun, ta bakin rijiya, 'ya'yanta sun fi na sauran tsawo da kauri, mata kan yi rububinta tun tana bisa.

Baba Alu mai lambu:
Madalla. To ka ga irin da Malama ka magana ga shi cikin gonakku. Saurara.

Ƙwallon tsamiyarmu ta gida za ka shuka, kowace iri, ita ta uwa, wadda za a ɗaura reshe bisanta. Ka jiƙa shi ga ruwa kwana guda, ko ka ɗan kankare bayan da wuƙa. Ka sa ga leda mai tsawo, don saiwar ƙasa taka nuhwa, gajerar leda na nannaɗe ta. Cikin mako biyu ta tsira. Ka rene ta hat ta kai kaurin hensir, wajen shekara guda ke nan.

Lokacin aure shi na in zahi ya kama, gab da damina, icce na shirin toho. Ba cikin hunturu ba, iska na busar da shi. Ka tai ga ta bakin rijiyan nan ka zaɓi reshe wanda bai tsuhwa ba kuma ba ɗanye shataf ba, kaurinai daidai da na uwar. Ka zage ganyen ka bar shi bisa icce mako guda, idanun su kumbura. Sannan ka yanko da sahe, tsawon taƙi guda, ka naɗe ga jiƙaƙƙen tsumma. Ka datse kan uwar, ka tsaga ta tsakiya da sabuwar reza misalin gaɓar yatsa biyu. Gindin reshen ka heƙe shi gehe biyu, yanka guda-guda, kak ka taɓa wurin da hannu. Ka cusa cikin tsagar. Nan aikin yake: ɓawo shi haɗu da ɓawo, ko da gehe guda na. In ba su haɗu ba, ka yi aikin banza. Ka ɗaure tam da leda, ka kihwa 'yar ledar ƙanƙara bisa don kak shi bushe, ka aje ga inuwa. Mako ukku zuwa huɗu za ka ga toho, sai ka ɗebe ledar bisa. Dut tohon da yah hito ƙasa ga ɗaurin, na uwar na, ka tsinke shi, in ba haka ba shi ka rinjaye. Ka yi da yawa, don ba duka ka kamawa ba.

Dashe sai ruwa sun zamna. Tsakanin wagga da waccan taki goma sha biyu, kak ka matse su. Ka yi masu kariya da ƙaya mai kyau, jar akuyarmu ba ta da tausai, kuma tsamiya shekarun hwarko a hankali taka tahiya. Rani biyu na hwari ka ba ta ruwa.

In kuma wata rana ka samu reshen mai zaƙin, ba sai ka kada babba ba. Ka datse reshe guda ga wadda ba ta da kirki cikin ukkun, ta yi toho, ka aura bisa tohon. Icce guda, gehe tsami gehe zaƙi.

Malama Hadiza:
Allah ya saka wa Baba. Ƙari ɗaya: kada a dasa waɗanda aka aura wa reshen bishiya ɗaya zalla a gona. Tunda tana son garin furen wata, a bar tsofaffin kusa ko a cakuɗa iri biyu uku, in da hali a rataya amya. Ƙwallayen Tailan ɗin ma kada ka zubar, Nasiru. Shuka su a gefe. In sun yi kauri ka ɗauki reshensu ka aura a kan babbar bishiya, za su nuna halinsu da wuri fiye da a bar su a ƙasa. Wataƙila a dace da mai zaƙi a ciki. Kuma bushewar iskarmu lokacin da take nuna, daga Disamba zuwa Fabrairu, alheri ce gare ta, don babbar matsalar mai zaƙi a can ita ce fumfuna cikin kwanso.

Sanusi Illela:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa kuɗin na wajen mai zaƙi. Gwamnati ta kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa tun 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa, amma manomi ba zai rene itace don an ce hamada na tafe ba, sai ya ga abin da zai shiga aljihunsa. Sai dai in har za a samu mai kaurin nan iri ɗaya, a ɓare a cire ƙwallo a ɗaure cikin leda mai tsabta, wannan kam zan iya kai ta Legas da Fatakwal, don mutanenmu na can na nema. Wa zai tara mini buhu hamsin masu kama ɗaya? Nan gizo ke saƙa.

Hajiya Inno:
Ka samo kuɗin ɓara, mata na nan. Ni na san wata ga hanyar Achida, kwansonta ya kusa taƙi, mai ita tsoho na, ɗiyanai sun koma birni. Baba Alu, in an roƙe shi reshe za ka tai?

Baba Alu mai lambu:
Za ni, in Allah ya kai mu. Amma ba yanzu ba. Ku bari ta nuna mu gani da ido, mu ɓare mu ƙirga ƙwallo, ke kuma ki dama kunu da ita. Sannan a tambayi tsohon ko kowace shekara taka yi, don wata in ta cika bana sai ta huta baɗi. In ta ci jarrabawa mu ɗaura mata ƙyalle, watan huɗu mu koma da reza. Nasiru, kai ka soma jiƙa ƙwallo tun yau, ledoji ɗari ba su yi yawa ba.